Waƙar Ƙofar Gidan Dabo

Kukar Talle ƙauye ne a bayan Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona har ba ka gane iyakar ta wani sai ka ga layin gamba. Gidajen Kirista a garin ba su cika goma ba, kuma dukansu Hausawa ne gaba da baya. A nan kakanninsu suka yi noma, a nan aka binne su. Idan a birni wani ya ware ido ya ce, "Bahaushiya kuma Kirista?" Rahmatu 'yar Dabo takan dube shi daga sama har ƙasa, ta ce idan ya samu lokaci ya zo ta nuna masa kushewar kakan kakanta.

Suna da wata al'ada da ba a yin ta a cocin birni. Safiyar Kirsimeti, tun kafin a buga ƙarfen shiga sujada, matan ƙungiyar zumunta ta coci sukan ɗauki tulu da kacau-kacau su bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. A kowace ƙofa mai ba da waƙa takan faɗi abin da Ubangiji ya yi wa gidan a shekarar, da sunan wanda aka yi wa, sauran mata su amsa, "Yabo naka ne, Ubangiji." Ba a tsallake ƙofa, ba a kuma barin ta sai an gode. Gidan da aka yi haihuwa a faɗa, gidan da dawa ta cika rumbu a faɗa. Akwai shekarar da aka rasa abin faɗa a wani gida, aka gode saboda jakinsu ya daina ɗingishi, har yau ana tsokanar masu gidan da zancen.

Bana Rahmatu ta dawo gida tun ana yankan dawa, da akwatinta da bokitinta da katifarta. Makarantar koyon aikin jinya take yi a Kano, tana shekarar ƙarshe. Duk wanda ya ga katifa ɗaure a bayan babur ya san ba hutu aka zo ba, sai kowa ya ɗauka ta gama. Babanta bai ce ta gama ba. Bai kuma ce ba ta gama ba. Idan an yi masa barka sai ya ce, "Sai godiya," ya ƙara sauri.

Abin da ya faru kuwa, ita kanta ba ta iya jera shi daki-daki. Ta san dai tun damina karatu ya fara sulluɓe mata. Sai ta yi ta maimaita layi ɗaya, ta ɗago kai ba ta san me ta karanta ba. Barci ya ƙi zuwa, daga baya kuma ya zo ya ƙi tafiya. Ranar jarrabawa ta zauna da biro a hannu tana kallon takarda. Tambayoyin duk ta san su, ko yanzu aka tashe ta za ta ce ta san su, amma har aka zo karɓar takardu ba ta rubuta ko sunanta ba. Likitan da aka kai ta wurinsa ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta mata ƙwayoyi, makaranta kuma ta ce ta je ta huta shekara guda. Ita da take gyara wa 'yan ajinsu amsa. Ita da ba ta taɓa zuwa ta biyu ba tun firamare.

Da sanyi ya shigo sai abin ya ƙara nauyi. Gari ba ya wayewa da wuri, magariba kuma ta riƙa zuwa da gaggawa kamar ana korar ta. Rahmatu takan farka ta kasa gane ko safiya ce ko yamma. Takan tsaya a tsakar gida da moɗa a hannu, ta rasa ko ruwa za ta ɗiba ko ta riga ta sha. Addu'a ma haka. Ta fara da "Ya Uba," sai ta tsinci kanta tana bin azarar ɗaki da ido. Tun rasuwar mahaifiyarta shekarun baya ita da Baba ne kawai a gidan, shi kuwa mutum ne da ya fi iya hira da shanunsa a kan mutane. Ga gari ya ɗauki haramar biki, gidajen 'yan'uwa sai daka ake ana suya, yara na kai ɗinki suna karɓowa. Duk dariyar da ta tsallako katanga sai ta ji kamar da wani yare ake yin ta.

Jajiberen Kirsimeti da hantsi Malam Badaru maƙwabcinsu ya shigo da wuƙarsa. Shi yake yanka musu akuya duk shekara, don idan an rarraba abinci gidajen Musulmi kowa ya ci hankali kwance, kamar yadda naman layyarsa ba ya wuce ƙofar Dabo. 'Yarsa Sadiya ta biyo bayansa da goyo, wai ta zo taya tsintar shinkafa. Tare suka yi firamare da Rahmatu, kuma tun lokacin bakinta bai san hutu ba.

"Hajiya Nas, barka da hutawa," in ji Sadiya tana kwance goyo. "Duba mini wuyan yarinyar nan kyauta, tun kafin ki sa fararen kaya ki fara yi mana yanga."

Rahmatu ta ɗaga haɓar jaririyar. Ta san ƙurajen, ta san sunansu na Turanci yana nan wani wuri a kanta, ta laluba ba ta same shi ba.

"Ki rage mata kaya," ta ce. "Kin tula mata riguna kamar za ku Jos."

"Ka ji manya! Wallahi sun yi daidai da suka sa ki a waƙa."

"Wace waƙa?"

"Au, ba ki sani ba? Jiya da la'asar ina kwashe shanya a bayan katangar Gwaggo Jumma na ji suna gwadawa. 'Gidan Dabo an yi nas, Rahmatu ta gama.' Har da guɗa. Daɗin muryar tsohuwar nan, saura kaɗan in amsa musu, sai na tuna da alwalata."

Sadiya ta ƙyalƙyale da dariya. Rahmatu ta ja tiren shinkafa gabanta ta sunkuya. Ta ji maganar sarai, amma sai ta riƙa zuwa mata guntu-guntu. An yi nas. Ta gama. Gobe. A ƙofar nan, gaban kowa, da sunan Ubangiji a ƙarshen kowane layi.

"Ke!" Sadiya ta dafe mata hannu. "Tsakuwar kike mayarwa tire, shinkafar kike watsa wa kaji. Lafiyarki kuwa?"

"Lafiya lau. Sanyi ne."

"Sanyi ko saurayi? Faɗa mini gaskiya, wani likita ne a birni?"

Ta bar ta a kan saurayin, don ya fi sauƙin ɗauka.

Bayan Malam Badaru ya wanke wuƙarsa sun tafi, ta samu Baba a gindin darbejiya yana fiɗa. Ya rataye akuyar, yana zare fata a hankali kamar mai cire wa yaro riga.

"Baba, ka san abin da za su rera gobe a ƙofar nan?"

Bai juyo ba. "Na ji ƙishin-ƙishin."

"Ƙarya ce fa."

"Haba Uwata." Sunan mahaifiyarsa gare ta, bai taɓa kiran ta da Rahmatu ba. "Ba ƙarya ba ce, gaggawa ce. Baɗi war haka kin gama. Ubangiji sai ya ajiye godiyar a wurinsa har lokacin ya yi."

"Idan ban gama ba fa?"

Ya goge wuƙa a jikin fatar, ya daɗe yana gogewa.

"Kin san garin nan," ya ce. "Idan aka ce kai ne ba lafiya, ba wanda zai ce damuwa. Hauka za su ce. Wasu su ce iskokin da kakanninmu suka bauta wa ne suka biyo bashi a kanki. Bayan haka wa zai miƙo miki ɗansa ki yi masa allura? Wa zai yi sallama da ke a ƙofar gida? Ni na yi shiru ne don ke. Waƙa ce ta ɗan lokaci, ki sunkuyar da kai ta wuce."

Tana da amsa. Ta ji ta taso mata har maƙogwaro, cikakkiya, mai kaifi, irin wadda take ba malamai a aji su yi shiru. Da ta buɗe baki sai ta tarar babu komai. Ta tsaya tana kallon ƙudan da ke zagaya kan akuyar.

Abin da ya fi rikita ta, ba ta san me ke ƙona mata rai ba. Shin don za a yi wa Ubangiji ƙarya ne? To ita da watanni ke nan ba ta da tabbacin yana sauraro, ina ruwanta da abin da za a gaya masa? Ko kuwa girman kai ne kawai, ita da ba ta taɓa leƙa takardar wani ba, yanzu za a ɗora mata rawanin da ba ta naɗa ba? Wani lokaci sai ta ga maganar Baba ce daidai. Kafin ta kai ƙofar ɗaki sai ta ga ba daidai ba ce. Kafin ta zauna kuma ta manta ta ina ta bi ta kai ga hakan.

Da la'asar ta yafa gyale ta nufi gidan Gwaggo Jumma, yayar babanta, wadda ita ke ba da waƙa tun Rahmatu ba ta da wayo. A hanya ta shirya maganar tsaf: Gwaggo, ban gama ba, ku canja waƙa. Ta yi ta nanata ta a ranta don kada ta gudu.

Ta tarar da Gwaggo a bakin murhu tana suyar cincin, hayaƙi ya sa idonta hawaye.

"Ga nas ɗinmu! Zo nan 'yar nan, zo ki taɓa gwiwar nan ki ji yadda take ƙara kamar tsohuwar ƙofa. A'a, bari, sai bayan biki. Ungo, ɗanɗana, sukari ya ji?"

"Ya ji, Gwaggo. Dama na zo ne..."

"Kin san tun da uwarki ta rasu nake lalube a ƙofarku? Kowace shekara in na doso gidan ƙanena sai gabana ya faɗi. Bara rufin ɗaki na gode wa, wai bai yi yoyo ba. Rufin ɗaki! Kunya kamar in nutse. Shekaranjiya da aka zauna rabon baiti na ce musu, na gidan Dabo kada wadda ta sa mini baki, nawa ne. Gobe zan buɗe murya har mutanen Dawaki su fito su tambayi me aka samu." Ta share ido da bakin zane, wannan karon ba hayaƙi ba ne. "Da tana raye, da ita za ta yi guɗar. To, me kika ce kin zo yi?"

Rahmatu ta dubi fuskar tsohuwar, ta dubi mai yana tafasa a kasko. Maganar da ta riƙo tun daga gida ta narke.

"Gishiri," ta ce. "Baba ya ce a sammana gishiri."

Ta fito da gishiri ƙulle a leda, alhali a gida akwai rabin kwano. Kafin ta ratsa gonar da ke tsakanin gidajen biyu rana ta faɗi, an fara kiran magariba, duhu ya sauko a kan kararen da aka jingine. Ta tsaya a tsakiyar gona, sanyi na shiga ta ƙafa. Ta san hanyar nan tun tana rarrafe, amma sai da ta ɗan jima kafin ta tuna ko gida za ta ko daga gida take.

Washegari ta farka ɗaki baƙi ƙirin. An idar da sallar asuba a masallaci, tana jin takun masu komawa gida suna tari. Daga can gabas kuma ta jiyo tulu, dum, dum-dum, da muryoyin mata siriri a cikin sanyi. Sun fara.

Har lokacin ba ta yanke komai ba. Ta yi tunanin ta ja bargo ta ce zazzaɓi take. Ta yi tunanin ta fita ta bayan gida. Tana cikin tunanin ta ga har ta ɗaura zane ta sa rigar sanyi, ba ta san lokacin da ta yi ba.

Baba na tsaye a ƙofar gida da sabuwar riga, da kwanon alawar da za a raba wa mawaƙa. Gabas ta fara yin fari kaɗan. Maƙwabta sun leƙo kamar yadda suka saba kowace shekara, mata a bakin zaure lulluɓe da mayafai, Sadiya a gaba tana ɗaga mata gira.

"Ki tsaya a bayana," in ji Baba a hankali. "Yanzu za ta wuce."

Matan suka ɓullo ta lungu, kowacce da zanen zumunta a kan rigar sanyi, numfashinsu na fita kamar hayaƙi. Matar Ɗanliti ce ke rungume da tulu tana buga bakinsa. Gwaggo Jumma na gaba, ta manta da ciwon gwiwa. Suka yi da'ira a ƙofa, ta gyara tsayuwa, ta ɗaga hannu.

"An haifa mana Mai Ceto, mun zo ƙofar Dabo."

"Yabo naka ne, Ubangiji."

"Gidan da aka yi kuka, yau dariya ta sauka."

"Yabo naka ne, Ubangiji."

"Gidan Dabo an yi nas, Rahmatu ta..."

"A'a," in ji Rahmatu.

Ba wanda ya ji ta. Kacau-kacau ya cinye muryar. Wata har ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa. Sai Rahmatu ta ga kanta ta ratsa ta gefen Baba, ta shiga tsakiyar da'ira, ta kifa tafin hannunta a bakin tulun. Sautin ya mutu nan take. Kacau-kacau suka yi ta tsayawa ɗaya bayan ɗaya.

"Ban gama ba," ta ce.

Gwaggo ta tsaya da baki buɗe, sauran baitin na ciki.

"Ban gama ba, Gwaggo. Cewa aka yi in dawo gida. Kaina ne ba lafiya. Ciwon damuwa ake ce masa, likita ya gani, ina shan magani." Ta ɗaga kai ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, har na bakin zaure. "Ba iska ba ce, ba kuma asiri aka yi mini ba. Kada in ji wata ta je ta sake masa suna."

Zakara ya yi cara a wani gida. Sadiya ta sauke girarta. Wata daga baya ta ce ƙasa-ƙasa, "To mu wuce mana, sai a yi mata addu'a a coci."

"Mu wuce ina?" Gwaggo ta juya a fusace. "Tun ina yarinya ban taɓa ganin an bar ƙofa ba a gode ba, ba kuma a kaina za a fara ba." Ta dawo kan ƙanenta. "Kai kuma Dabo, kana kallo na yi ta gyara murya a kan abin da babu? Da furfurarka?"

Baba ya dubi kwanon alawa kamar amsar na ciki.

"To 'yar nan," in ji Gwaggo, "ke kika kashe waƙa, ke za ki tashe ta. Faɗi abin da ya yi wa gidan nan bana, mu amsa mu tafi."

"Ban sani ba."

"Nemo."

"Na ce ban sani ba, Gwaggo. Babu."

"Ashe muna nan. Sujada ta jira mu."

Kuma ta harɗe hannu. Duk garin an san Jumma, idan ta kafe ko fasto sai dai ya zagaya. Matan suka fara musayar ƙafa don sanyi. Wata ta ce a gode da akuya, wata ta ce ai akuya saye aka yi, wata ta ce to shanu fa, aka ce shanun Dabo ɗaya ta mutu da bazara. Duk idanu suka koma kan Rahmatu.

A nan ne ta ji wani abu ya taso mata, mai zafi, wanda ta gane shi sarai. Fushi ne. Watanni ke nan ba ta ji wani abu da ta iya kiran sunansa ba sai yau. Godiya suke so? Dole sai an gode? To bari ta ba su abin da bakinsu ba zai iya amsawa ba, su ga yadda ake barin ƙofa. Ta ɗauke hannunta daga tulun, ta kama karin waƙar da murya a shaƙe.

"Rahmatu tana cikin duhu, ba ta ga hanya ba."

Ta rufe baki tana jiran shirun da zai kore su. Amma hannun matar Ɗanliti ya shekara da shekaru yana faɗawa a inda baiti ya ƙare, bai tsaya neman izini ba. Dum. Bakuna biyu ko uku suka biyo shi kafin masu su su yi tunani.

"Yabo naka ne, Ubangiji."

Suka dubi juna a tsorace kamar waɗanda suka yi saɓo. Ita ma Rahmatu ta tsorata. Ana yin haka? Ana gode wa duhu? Ta dubi Gwaggo ko za ta tsawatar, Gwaggo na nan harɗe da hannu. Sai ta ƙara ɗaukar wani, wanda ya fi nauyi.

"Ta yi kira, ta yi kira, ba ta ji an amsa ba."

"Yabo naka ne, Ubangiji."

Wannan karon sun fi yawa. Kacau-kacau ɗaya ya shigo a ɗarare.

"Ta san amsa a kanta, hannu ya ƙi rubutawa."

"Yabo naka ne, Ubangiji."

"Safe da yamma ɗaya ne, abinci ba ya daɗi."

"Yabo naka ne, Ubangiji."

"Kowa na murnar biki, ita ba ta ji komai ba."

"Yabo naka ne, Ubangiji."

Jifa take yi da duk ƙarfinta don waƙar ta fashe, waƙar kuma ta ƙi fashewa. Duk abin da ta jefa sai amshin ya buɗe ya karɓe shi, ya wuce da shi inda ake kai haihuwa da cikar rumbu. Ba ta gane ba. Ba ta san ko don duhun suke yabo ba, ko duk da duhun, ko kuwa su ma ba su sani ba, baki ne kawai ya saba. Ta dai lura da abu ɗaya: tun da ciwon nan ya kama ta, yau ne ta fara gaya wa Ubangiji magana har ƙarshenta ba ta ɓace a hanya ba.

Sai ƙorafin ya ƙare mata. Ta laluba, babu saura. Tulu ya zagayo, ya bar mata gurbin baiti a buɗe, mata na jira. Bakinta ya motsa.

"Ga ta dai a tsaye, ba ta san wa ya riƙe ta ba."

Ba ta shirya shi ba. Ta ji shi ne tare da kowa, kamar wata ce ta faɗa. Amshin ya zo da ƙarfi har kajin gidan suka watse. Kafin ya sauka Gwaggo Jumma ta saki hannuwanta, ta matso, ta karɓe waƙar da muryar nan da ta tanada don nas.

"Wanda aka haifa gari bai waye ba, ya san masu zama a duhu."

"Yabo naka ne, Ubangiji."

"Ya san ƙofar Dabo, ba sai an yi masa kwatance ba."

"Yabo naka ne, Ubangiji."

A amshi na biyun Rahmatu ta ji wata murya a shaƙe kusa da kunnenta, tana ɗan saɓa wa sauran. Sai da aka kai ƙarshe ta gane tata ce.

Ba a yi guɗa ba. Gwaggo ta ɗaga hannu, tulu ya sauka. Wasu matan suka kasa haɗa ido da ita, ta kuma san kafin a tashi daga sujada labarin ya kai bakin kasuwa, da sunan da ta hana a sa masa. Wata tsohuwa ta matse mata wuyan hannu da yatsu masu sanyi, sannan ta saki. Gwaggo kuwa ko kallon ta ba ta yi ba, ta ce dai, "Ni da ke sai an sauko," da muryar da ba a gane faɗa ce ko lallashi.

Baba ya bi su da kwano yana raba alawa. Da ya zo daidai ita ya tsaya. Matan ba su gama wucewa ba, na bakin zaure ma ba su koma ciki ba. Bai rage murya ba.

"Uwata, kin sha maganinki na safe?"

"Ban tuna ba, Baba."

"Je ki duba. Daga yau ni zan riƙa tuna miki."

Ta shiga ta duba, ba ta sha ba, ta sha. Ta zauna a bakin katifa da moɗa a hannu tana sauraron kanta, ko wani abu ya canja. Nauyin yana nan inda yake a ƙirji. Ba ta san ko za ta koma makaranta ba, ba ta san ko abin da ta yi a ƙofa ibada ce ko rashin kunya ba, ba ta ma san ko gobe za ta iya tashi ba. Daga waje tulu ya sake kamawa, yana nisa zuwa gidan gaba, gidan Nababa, wanda ɗansu ya tafi Legas tun bara ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Me Gwaggo za ta ce a can? Rahmatu ta ji tana son ta ji. Ta daɗe rabon da ta so wani abu.

Ta ajiye moɗar, ta zura takalmi, ta bi bayansu.